Harajin MoMo a Ghana da wani dillalin albasa na Kumasi, 2021 zuwa 2025

Mutumin da ake magana a kansa dillalin albasa ne a Kumasi, haifaffen zango, ba za a kama sunansa ba, Alhaji kawai za mu riƙa ce masa kamar yadda kowa yake kiransa a kasuwa. Harajin da ya dame shi kuma shi ne wanda gwamnatin Ghana ta ɗora kan tura kuɗi ta waya, wanda kowa ya sani da E-levy. Ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 2022, aka soke shi ranar 2 ga Afrilu 2025, wato shekara uku ba wata ɗaya.

## Kafin Nuwamba 2021

Albasar da Alhaji yake sayarwa yawancinta daga Nijar take zuwa, ta wajen Galmi da Madawa, manyan motoci su ratso Burkina Faso su shigo Ghana ta arewa har su sauke a Kumasi. Can da sefa ake saye, nan kuma da sidi, kuɗin Ghana, ake sayarwa. Kwastomominsa galibi mata ne 'yan kasuwa, wasu a cikin Kumasi, da yawa kuma a Obuasi da Konongo da Sunyani har da Takoradi, kuma rabinsu ma sai su yi wata da watanni ba su tako kasuwar ba. Mace za ta buga waya ta ce Alhaji buhu kaza, a yi ciniki a baki, ta tura kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na cikin waya, alat ya shigo, yara su ɗora kaya a mota, shi ke nan.

Tsarin nan ba tsoho ba ne. MTN ta fara MoMo a Ghana a 2009, a watan Mayu 2018 kuma aka haɗe layukan yadda mai Vodafone zai iya tura wa mai MTN kai tsaye. Kafin haka direba ake damƙa wa kuɗi a leda. Da MoMo ta kankama sai kasuwar Alhaji ta faɗaɗa, don yanzu ba sai ya san mace ido da ido ba kafin ya ɗora mata kaya. Cajin kamfanin waya a lokacin kashi 1 ne cikin 100, kuma ba ya wuce sidi 10 komai yawan kuɗin, don haka ba wanda yake tsayawa lissafinsa.

Idan ka tambayi Alhaji a wancan lokaci ko yana biyan haraji, zai ce maka a'a, haraji na ma'aikatan ofis ne. A zahiri kuwa yana biya ta ƙofofi da yawa: tikitin kasuwa da kuɗin rumfa na hukumar birni, abin da ake karɓa a iyaka kan kowace mota, harajin da ke cikin kowace litar gas ɗin da motar ta sha, da VAT da 'yan uwansa da ke cikin katin waya da siminti da kusan duk abin da ya saya a kanti. Daga ciki akwai kashi 2.5 na inshorar lafiya ta NHIS, da wani kashi 2.5 na asusun ilimi na GETFund, da kashi 1 na korona da aka ƙaro a 2021. Matansa suna zuwa asibiti da katin NHIS, ɗansa ya yi sakandare kyauta ƙarƙashin tsarin da aka fara a Satumba 2017, amma bai taɓa haɗa wancan biya da wannan samu ba, saboda ba ya ganin lokacin da kuɗin ke fita. Abin da dai bai taɓa biya ba shi ne harajin kuɗin shiga, na ribar da yake ci, kuma sunansa ba ya cikin kowane littafi na hukumar tara haraji ta GRA.

To irin su Alhaji ne gwamnati take hange. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, amma masu biyan haraji kai tsaye kimanin miliyan 2.4 ne kawai. Ga bashi ya yi wa ƙasar katutu, kusan rabin abin da gwamnati take tarawa yana tafiya ne a biyan kuɗin ruwa, korona ta ƙara rami a baitulmali, masu ba da rance na waje kuma sun fara ja da baya. A gefe guda kuma kuɗin da ya ratsa ta MoMo a 2021 ya haura sidi biliyan 900.

## 17 ga Nuwamba 2021 zuwa ƙarshen Maris 2022

Ranar 17 ga Nuwamba 2021 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya karanta kasafin 2022 a majalisa, a ciki ya ce za a riƙa cire kashi 1.75 cikin 100 kan kuɗin da aka tura ta waya ko ta intanet, sidi 100 na farko a kowace rana kuma kyauta ne. Aka yi hasashen zai kawo kusan sidi biliyan 6.9 a shekarar. Aka ce da kuɗin za a yi tituna, a tallafa wa matasa su kafa sana'a ta wani shiri mai suna YouStart, a kuma rage cin bashi. A kasafin nan ne aka soke kuɗin tolget na kan hanyoyi, kuma washegari aka daina karɓa tun majalisa ba ta amince da komai ba.

Majalisar kuwa a rabe take daidai wa daida, NPP mai mulki kujera 137, NDC ta adawa 137, ga ɗan indipenda guda da ya jingina da gwamnati, kakakin majalisa Alban Bagbin kuma ɗan NDC ne. Daren 20 ga Disamba 2021 sai da aka ba hammata iska a cikin zauren, kan ko mataimakin kakaki da ke jagorantar zama yana da damar kaɗa ƙuri'a. Bidiyon ya zagaya wayoyi, a kasuwar albasa ma an kalle shi an yi dariya. 'Yan adawa suka riƙa yaɗa wata hira ta 2020 inda mataimakin shugaban ƙasa Mahamudu Bawumia da bakinsa ya ce bai ga dalilin sa wa MoMo haraji ba tunda yawancin masu amfani da ita talakawa ne. Ministoci suka yi ta yawon taron wayar da kai, Koforidua, Takoradi, Tamale, Wa, suna cewa ko dai a karɓi E-levy ko a koma hannun IMF, asusun ba da lamuni na duniya. Ana cikin haka a Fabrairu hoton wani kek ya fito mai siffar kalmar E-levy a bikin zagayowar ranar haihuwar shugaban masu rinjaye na majalisa, abin ya ƙara tunzura mutane.

Ranar 29 ga Maris 2022 aka zartar da dokar bayan an sauko da ita zuwa kashi 1.5, 'yan adawa sun fice daga zauren. Shugaba Akufo-Addo ya sa hannu ranar 31 ga Maris. Hasashen kuɗin kuma aka maido shi biliyan 4.5 tunda wata huɗu sun riga sun wuce.

Duk wannan lokaci Alhaji bai yi wani shiri ba. An gaya masa mai turawa ne zai biya, ba mai karɓa ba, shi kuma yawanci karɓa yake yi, sai ya ɗauka ruwan ba zai taɓa shi ba.

## Mayu 2022, makonnin farko

Lissafin ga shi a fili. Mace ta sayi kayan sidi 2,000. A cire 100 na kyauta, saura 1,900, kashi 1.5 nasa shi ne sidi 28.50. MTN ta rage nata cajin zuwa kashi 0.75 wanda ba ya wuce sidi 7.50, to jimla 36 ke nan, a inda da 10 take biya. Kuma shi harajin ba shi da iyaka ta sama, in ta tura 10,000 sai an cire mata 148.50.

A takarda mai turawa ke biya, a kasuwa kuwa wanda ya fi matsuwa shi ke biya, albasa kuma ba ta jira, in ta kwana biyu a zafi ta fara tsiro ko ruɓa. Matan suka fara tura kuɗi da giɓi. Ya kira ɗaya daga cikin tsofaffin kwastomominsa ta Obuasi ya ce, "Maame, kuɗin bai cika ba." Ta ce, "Alhaji, ni na tura duka, sauran yana wajen gwamnati, ka je ka karɓa." Ya yi fushi ya riƙe kayanta, kafin yamma ta saya a rumfar maƙwabcinsa wanda ya yarda a cire.

Ɗan ƙanwarsa da ke riƙe masa littafi ya zauna ya buga lissafi: a ranar kasuwa mai kyau in mata goma suka tura 2,000 kowacce kuma kowacce ta zare 28.50, sidi 285 ke nan a rana, a kwana 26 ya haura 7,400. Ribar dillali a buhu dama siririya ce, yawa ne ke sa ta zama kuɗi. Ban da haka shi ma ai yana turawa: direbobi, 'yan dako, yaronsa da ke tarar motoci a iyaka, 'yan canjin sefa, duk a nan kuma shi ne mai turawa. Wato kuɗi guda sai a cire musu haraji da suka shigo, a sake cirewa da za su fita.

Ba shi kaɗai ya ji a jikinsa ba. Alƙaluman babban bankin Ghana sun nuna kuɗin da ya bi ta MoMo ya faɗo daga kusan sidi biliyan 88 a Afrilu zuwa kusan biliyan 71 a Mayu.

## Mayu zuwa Yuni 2022: rarraba kuɗi, sannan komawa tsaba

Dabarar farko ita ce wadda kowa ya fara tunani, a riƙa turawa ɗari-ɗari. Ba ta yi ba, saboda sidi 100 ɗin na yini ne gaba ɗaya, ba na kowane turi ba. Wasu matan suka koma turawa da layi biyu ko uku, nasu da na miji da na ɗa, a farko hakan yana ba da ƙarin ɗari a kowane layi, amma kowane ɗari sidi 1.50 kacal yake ceto, kuma ga Alhaji da alat uku daga sunaye uku da bai sani ba yana neman ta wace ce. Sau biyu aka ɗora wa wata kayan wata. Daga baya ma GRA ta haɗe kamfanonin a manhaja ɗaya, ga kuma rajistar sim da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, da aka fara tun Oktoba 2021, sai ɗarin ya zama na mutum ne ba na layi ba. Cikin mako biyu aka watsar da wannan.

Sai aka koma gidan jiya, kuɗi a leda a hannun direba. Wannan kam ba ko kwabo na haraji. Amma kuɗin da a da suke shigowa kafin kaya su tashi, yanzu sai mota ta je ta dawo, kwana ɗaya ko biyu, wani lokacin direba ya ce tayarsa ta fashe ya taɓa, zai cika gobe. An samu jabun takarda a cikin wani ƙulli kuma ba a san daga hannun wa ta fito ba. Mafi muni, 2022 ce shekarar da sidi ya riƙa zubewa, a farkon shekara dala tana wajen sidi 6, zuwa Nuwamba ta kusa 15 a wajen 'yan canji, kuma sefa da yuro take ɗaure, ita ma tana ta hawa. Duk kwanan da kuɗinsa suka yi a aljihun direba, sefar da za su saya tana raguwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya bar tsabar kuɗi ga matan cikin gari kawai waɗanda suke zuwa da ƙafarsu.

## Yuli zuwa Disamba 2022: hanyar masu MoMo

Dokar ba ta taɓa saka kuɗi a waya ba, ba ta kuma taɓa cirewa ba, turawa daga mutum zuwa mutum kawai ta kama. Nan mutane suka ga ƙofa. Mace a Sunyani sai ta je rumfar mai MoMo da tsabarta ta ce a saka a wannan lamba, ta ba da lambar Alhaji, a na'ura abin ya fito kamar shi ne ya saka kuɗi a wayarsa, babu haraji. Ko kuma a juya: yaron Alhaji ya tsaya gaban wani mai MoMo a Kumasi, matar tana can garinsu ta buɗe izinin cire kuɗi a wayarta ta danna lambar sirri, a miƙa wa yaron tsaba. A nan cajin cirewa kawai za a biya, sidi 10 a kan 2,000, a maimakon 36.

Wannan ta yi aiki, kuma ita ce ta riƙe kasuwar Alhaji kusan rabin shekara. Matsalolinta daban ne. Masu MoMo jarinsu ƙarami ne, in mata uku suka zo da manyan kuɗi a jere sai ka ji an ce babu, a dawo anjima. Wasu suka fara neman ɗan na goro kafin su saka wa wani. Saƙon da ke shigowa sunan rumfar yake nunawa, ba sunan kwastoma ba, littafin ɗan ƙanwar Alhaji ya cika da alamar tambaya. Sannan buɗe izinin cire kuɗi ga wanda ba ka gani ita ce ainihin hanyar da 'yan damfara suke bi, wani ya kira ɗaya daga cikin matan da sunan shi yaron Alhaji ne, ta danna, kuɗin suka tafi, kuma har yau tana ganin da hannun wani na rumfar a ciki. Ba ta sake saye a wurinsa ba.

Abin da dubban mutane suke yi a rumfunan MoMo ya fito a littafin gwamnati. A ƙarshen Yuni wani jigon jam'iyya mai mulki, Gabby Otchere-Darko, ya rubuta a Twitter cewa harajin kashi 10 kawai yake kawowa na abin da aka zata. Ranar 1 ga Yuli 2022 shugaban ƙasa ya ba da umarni a fara magana da IMF, abin da aka ce E-levy zai hana. A bitar kasafi ta tsakiyar shekara aka zabge hasashen daga biliyoyi zuwa sidi miliyan 611, kuma abin da aka tara zuwa ƙarshen shekara bai wuce wajen nan ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na biliyan 6.9 na farko. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, gwamnati ta fito da shirin sauya bashin cikin gida ranar 5 ga wata, ranar 19 kuma ta dakatar da biyan yawancin bashin waje. Abin mamaki, jimlar kuɗin da suka ratsa MoMo a 2022 ta haura tiriliyan ɗaya, ta fi ta 2021. Mutane ba su bar MoMo ba, layin da ake cajin suka kauce wa.

## Janairu 2023: ragi zuwa kashi 1, da shawarar yin rajista

Daga 11 ga Janairu 2023 harajin ya koma kashi 1. Gwamnati ta so ta cire sidi 100 na kyauta, majalisa ta ƙi. A watan ne kuma VAT ya tashi daga kashi 12.5 zuwa 15. Kan 2,000 yanzu harajin sidi 19 ne, da cajin kamfani 26.50, har yanzu ya fi na rumfa tsada amma tazarar ta ragu, wasu matan da suka gaji da bin layi a rumfa suka dawo turawa kai tsaye suna gunaguni.

A nan ne yaron nan mai riƙe littafi, ɗan ƙanwar Alhaji, ya kawo maganar da ya daɗe yana yi ana share shi. A cikin dokar tun ranar farko akwai jerin abubuwan da ba a cajinsu: turawa tsakanin asusun mutum ɗaya in duka suna ɗaure da Ghana Card ɗinsa, biyan haraji da kuɗin hukuma ta Ghana.gov, cek, turawa daga banki zuwa banki har sidi 20,000 a rana, da kuma biyan ɗan kasuwar da ya yi rajista da GRA don harajin kuɗin shiga ko VAT. Ya ce, "Kawu, in ka yi rajista aka ba ka lambar ɗan kasuwa, ko 10,000 Maame ta tura ba za a cire mata ko pesuwa ba." Alhaji ya ce, "Wato in kai kaina da ƙafata su rubuta ni." Tsoronsa ba na banza ba ne. Mahaifinsa ya ba shi labarin zamanin harajin kai, yadda ake bi gida-gida, kuma a fahimtarsa duk wanda hukuma ta san yawan abin da yake samu ya gama yawo. Ga shi lokacin tsofaffi 'yan fansho suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi kan kuɗinsu da suka ba gwamnati rance waɗanda shirin sauya bashin nan ya shafa, har da tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo a cikinsu. Ya ce wanda ya taɓa kuɗin waɗannan, nasa ne zai bari?

Abin da ya juya shi ba wa'azi ba ne. Wani matashin dillali a layinsu ya riga ya yi, ya manna lambarsa a allo, matan suka fara gaya wa juna cewa a can ba a cire komai, Alhaji ya ga kwastomomi biyu sun sulale. A watan Maris ya yi rajistar sunan kasuwanci, lambar Ghana Card ɗinsa dama tun Afrilu 2021 ita ce lambar haraji ga ɗaiɗaikun mutane, aka buɗe masa fayil a GRA, ya karɓi layin ɗan kasuwa, ya ɗaure shi da asusun banki.

## Afrilu 2023 zuwa ƙarshen 2024

Makonnin farko sai da aka sha fama, wasu matan suna ta turawa tsohuwar lambar don ita suka haddace, yaron ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya a waya yana koya musu inda za su danna. Da abin ya zauna, giɓin da ake turowa ya tsaya cak, kowane biya yana zuwa da sunan mai shi da lokaci, rikicin wa ya biya wa bai biya ba ya mutu. Manyan kuɗin da yake fitarwa ya mai da su ta banki, daga waya zuwa asusunsa ba haraji tunda duk nasa ne, daga can zuwa asusun wani kuma akwai sararin 20,000 a rana. Abin da ya rage yana biya wa E-levy shi ne ƙananan turi ga direbobi da 'yan dako waɗanda ba su da banki, wannan ya haƙura da shi.

Abin da ya biya a madadi: ɗan cajin kamfanin waya a gefen ɗan kasuwa, kuɗin wani akanta da yake zuwa ya daidaita takardu, da harajin ribarsa wanda a karon farko a rayuwarsa ya biya ya karɓi rasit. Da yaron ya haɗa duka ya kwatanta da abin da matan suke zarewa a 2022 da asarar kwanan kuɗi a hanya, rajistar ta fi sauƙi, ba da tazara mai yawa ba amma a fili. Wani amfani da ba a yi tsammani ba ya zo a Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli da takunkumin ECOWAS, motocin albasa suka maƙale a iyakoki, farashi ya yi sama, dillalai suna neman jari ido rufe. Alhaji ya je banki da bayanan shigar kuɗinsa na 'yan watannin, ya samu ɗan rancen da a da ko kallonsa ba za a yi ba.

A gefen gwamnati, IMF ta amince da rancen dala biliyan 3 ranar 17 ga Mayu 2023. E-levy a kashi 1 ya tara kusan sidi biliyan 1.2 a 2023, wato ya fi abin da ya tara a kashi 1.5, ko da yake na 2022 na wata takwas ne kuma sidi ya rage daraja. MoMo kuwa ta ci gaba da girma, kusan tiriliyan 1.9 a 2023.

## Disamba 2024 zuwa Yuli 2025

A zaɓen 7 ga Disamba 2024 manyan 'yan takarar biyu, John Mahama na NDC da Bawumia na NPP, kowanne ya yi alkawarin soke harajin. Mahama ya ci. Sabon ministan kuɗi Cassiel Ato Forson ya kawo sokewar a kasafin 11 ga Maris 2025, majalisa ta amince ranar 26 ga Maris, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 2 ga Afrilu, tare da harajin caca na kashi 10 da na hayaƙin motoci. Aka ɗaga wani haraji da ke kan kamfanonin haƙar zinare daga kashi 1 zuwa 3 don cike wani ɓangare na giɓin. A watan Yuni kuma majalisa ta amince da ƙarin sidi 1 kan kowace litar fetur da gas don biyan bashin ɓangaren wutar lantarki, aka fara karɓa a tsakiyar Yuli.

## Abin da lamarin ya nuna

A ganina gwamnati ba ta yi kuskure ba da ta ce mutum miliyan 2.4 ba za su ɗauki nauyin miliyan 30 ba, kuma dillalin da kuɗi masu yawa ke ratsa hannunsa ya kamata ya ba da nasa. Inda aka karkace shi ne abin da aka ɗora wa harajin. Riba ake sa wa haraji, ko ciniki, ko dukiya, nan kuwa motsin kuɗi aka sa wa, don haka uwar da ta tura wa ɗanta kuɗin makaranta da dillalin da ya karɓi kuɗin buhu goma ma'auni ɗaya aka yi musu, kuma kuɗi guda ana iya yankarsu sau uku kafin su huta. Sannan an sa shi a kan abin da yake da madadi na kyauta a kowace kwana, tsaba da rumfar mai MoMo, kuma aka yi hasashen biliyan 6.9 kamar mutane za su tsaya a yanka su ba za su motsa ba.

Dabarun Alhaji uku na farko duk na ɓuya ne, kuma kowacce ta ci masa wani abu da ya fi harajin: lokaci, amana, ko kwastoma. Wadda ta yi aiki ita ce ta fitowa fili, kuma ta yi ne saboda dokar da kanta ta sa lada a kan rajista. Gwamnatoci suna amfani da haraji ta fuska biyu, tara kuɗi da kuma tura mutane su bi wata hanya, E-levy ya gaza a ta farko nesa ba kusa ba, a ta biyu kuwa ya ci nasara a kan Alhaji, sai dai kusan shekara guda ya yi bai yarda da wannan sashe na dokar ba, don tarukan wayar da kai sun ƙare a kan tsoratar da mutane da IMF maimakon a shiga kasuwanni a ce ga ƙofar da ba a caji.

Maganar yarda kuma ba ƙarama ba ce. An ce tituna da jarin matasa, bayan wata biyu aka tafi IMF, kuɗin suka shige cikin babban ramin bashi inda ba wanda zai nuna maka ya ce ga abin da sidi 28.50 ɗinka ya yi. Kashi 2.5 na NHIS ya fi E-levy nauyi a aljihun iyalin Alhaji, amma ban taɓa jin ya zage shi ba, ɗaya don a ɓoye yake cikin farashi, biyu don akwai kati a hannu da ake nunawa a asibiti. E-levy kuwa duk turi sai saƙo ya shigo ya gaya maka nawa aka cire.

Alhaji bai rufe fayil ɗinsa na GRA ba bayan an soke harajin, ya ce banki ya riga ya saba da takardunsa kuma matan sun haddace sabuwar lambar. Sidi ɗaya na litar gas kuma direbobin Nijar sun riga sun saka shi a kuɗin dakon kowane buhu, shi ma ya saka a farashi, matan Obuasi suna biya ba tare da an yi musu a waya ba.